Manhajar Kwaikwayon Yanayi: Abin da Kwamfuta Ke Iya Faɗa Kan Zafi da Damina

Duk alƙaluman da ake ji a bakin shugabanni a tarukan sauyin yanayi, irin su cewa duniya za ta ƙara zafi da digiri biyu ko uku kafin ƙarshen wannan ƙarni, tushensu guda ne: manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon yadda iska da teku da ƙasa ke aiki. Hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ke faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha, shi ma yana jingina da irin waɗannan manhajoji. Ɗan kasuwar da ke tunanin ko ya ajiye masara a Dawanau ko ya sayar, da injiniyan ma'aikatar ayyuka da ke auna faɗin kwalbati, duk maganar ta shafe su, ko da ba su taɓa jin sunan manhajar ba.

Manhajojin ba su da ƙarfi ɗaya a kan kowace tambaya. A kan zafi an jarraba su shekara da shekaru sun yi gaskiya. A kan ruwan sama, musamman a yankin Sahel, har yau suna saɓa wa juna. Sanin dalilin wannan bambanci shi ne rabin sanin yadda za a yi amfani da su.

Yadda aka gina ta

Manhajar kwaikwayon yanayi wata duniya ce ta lissafi da aka gina a cikin kwamfuta. Masana kan yayyanka doron ƙasa gida-gida kamar gurbin dara, sai dai wannan darar tana da hawa-hawa: gidaje gommai a jere daga ƙasa zuwa can ƙololuwar sararin sama, wasu gommai kuma daga saman teku zuwa ƙarƙashinsa. A manyan manhajojin da ke ɗaukar duniya baki ɗaya, faɗin gida ɗaya yakan kai kimanin kilomita 100, wato ya ɗan zarce tazarar Zariya da Kaduna. A kowane gida na iska ana riƙe da alƙaluma kaɗan: zafi, matsin iska, yawan danshi, gudun iska da inda ta dosa. A gidajen teku ana riƙe da zafin ruwa da gishirinsa da tafiyarsa.

Daga nan sai a sa wa kwamfuta ƙa'idojin kimiyyar fiziks da aka sani tun ƙarni na 19, waɗanda suka bayyana yadda iska da ruwa ke gudana, yadda zafi ke ƙaura daga wuri zuwa wuri, da yadda ruwa ke zama tururi ya sake komawa ruwa. Kwamfuta ta tura agogo gaba da ɗan lokaci, a ce rabin sa'a, ta lissafa abin da kowane gida ya bai wa maƙwabcinsa da abin da ya karɓa, sannan ta sake turawa. Kafin a kwaikwayi shekara 100, sai an maimaita wannan lissafi fiye da sau miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai a kowane gida. Idan kuma aka so rage faɗin gidajen zuwa rabi domin hoton ya fi fita, aikin yakan ninku kusan sau goma. Shi ya sa cibiyoyin wannan bincike ke cikin masu riƙe da manyan kwamfutocin duniya.

Mutane da yawa suna zaton ana ɗora wa kwamfuta tarihin ruwan shekarun baya ne ta ja layi zuwa gaba. Ba haka abin yake ba. Ba wanda ke gaya wa manhajar cewa ana damina a Afirka ta Yamma. Ana ba ta hasken rana da juyawar ƙasa da siffar tekuna da duwatsu da abin da iska ta ƙunsa, sai a ga da kanta ta fito da iska mai danshi daga Tekun Atlantika a watannin damina, ta fito da busasshiyar iskar hunturu daga hamada a watannin sanyi. Wannan fitowa da kanta ita ce jarrabawar farko da kowace manhaja ke fuskanta.

Daga alƙalami zuwa kwamfuta

Tunanin ya girmi kwamfuta. A 1904 wani masani ɗan ƙasar Nowe, Vilhelm Bjerknes, ya rubuta cewa in an san halin da iska ke ciki yanzu, aka kuma san ƙa'idojin da take bi, to lissafi zai iya faɗin halin da za ta shiga gobe. Wanda ya fara gwadawa shi ne Lewis Fry Richardson, Bature ɗan Ingila, wanda ya yi aikin tuƙa motar ɗaukar majinyata a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da takarda da alƙalami ya shafe makonni yana lissafa yanayin sa'o'i shida kacal na ranar 20 ga Mayun 1910 a tsakiyar Turai. Amsar da ya samu ta kauce ƙwarai: ta nuna matsin iska zai tashi da adadin da ba a taɓa gani ba, alhali a ranar kusan bai motsa ba. Duk da haka ya buga aikin a 1922, har ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 a zaure ɗaya suna lissafi kafin su riƙa cim ma yanayin duniya yana tafiya. Daga baya aka gano hanyarsa daidai take, alƙaluman da ya fara da su ne ba a tace ba.

A 1950 wata tawaga a Amurka ƙarƙashin Jule Charney, tare da John von Neumann, ta yi hasashen farko a kan kwamfutar ENIAC. Hasashen sa'a 24 ya ci musu kusan sa'a 24. A 1956 Norman Phillips ya gina manhajar farko da ta kwaikwayi zagayen iska na tsawon makonni, kuma daga ita dangin manhajojin yau suka samo asali.

Iyakar da Lorenz ya gano

A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, ya so maimaita wani lissafi. Domin rage wahala sai ya shigar da 0.506 a maimakon 0.506127. Da farko amsoshin biyu sun tafi tare, daga baya suka rabu har ba su kama da juna. Abin da ya fahimta daga nan ya sauya fannin baki ɗaya: ɗan kuskuren da ba a iya aunawa a yanayin yau yakan girma har ya cinye hasashen. Saboda haka hasashen yanayin rana takamaimai ba ya wuce kimanin mako biyu, komai girman kwamfuta.

A nan mai karatu zai iya tambaya: wanda ya kasa faɗin ruwan makon jibi, ta yaya zai faɗi na shekara hamsin? Amsar tana cikin bambancin tambayoyin biyu, bambancin da kalmarmu ta "yanayi" kan ɓoye domin ta haɗa su duka. Ba wanda zai iya cewa za a yi ruwa a Katsina ranar 12 ga Agustan baɗi, amma kowa ya san Agusta zai fi Fabrairu ruwa. Mai girki ba ta san ta ina kumfa zai ɓullo a tukunya ba, amma ta san in ta ƙara itace tafasa za ta ƙaru. Binciken sauyin yanayi maganar itacen yake yi. Domin kauce wa tarkon Lorenz, akan gudanar da manhaja ɗaya sau da yawa, kowane karo da ɗan bambanci a mafari, sannan a duba abin da amsoshin suka haɗu a kai da inda suka watse.

Tsakanin hasashen kwanaki da na shekaru akwai na zango ɗaya, wato na wata uku zuwa shida, kuma teku ne ya sa yake yiwuwa. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa, saboda haka zafin saman teku a watan Afrilu yakan bar alama a kan daminar Agusta. Mark Cane da Stephen Zebiak na Jami'ar Kolombiya sun tabbatar da haka a 1986, lokacin da manhajarsu ta hango ɗumamar Tekun Fasifik da ake kira El Nino watanni kafin ta auku.

Maganar zafi

Wanda ya fara ɗora tambayar iskar kabon a kan kwamfuta yadda ya kamata shi ne Syukuro Manabe, haifaffen Japan da ya koma aiki Amurka a 1958. A 1967, shi da Richard Wetherald sun lissafa cewa in yawan iskar kabon a sararin sama ya ninka, doron ƙasa zai ƙara zafi da kimanin digiri 2.3 a ma'aunin Salshiyas. Sun kuma faɗi wani abu da ba a zata ba: yayin da ƙasa ke ɗumama, can saman sararin sama sanyi zai ƙara yi. Da rana ce ke ƙara zafi, da sama da ƙasa duk sun ɗumama tare. Shekaru bayan haka awon balan-balan da na tauraron ɗan'adam suka nuna saman yana sanyaya, kamar yadda lissafin ya ce. A 1969 Manabe da Kirk Bryan suka haɗa iska da teku a manhaja ɗaya. A 2021 Manabe ya samu kyautar Nobel ta fiziks tare da Klaus Hasselmann na Jamus da Giorgio Parisi na Italiya.

Jarrabawa mai kyau ta zo a Yunin 1991, da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta ya watsa hayaƙi a sararin sama. Tawagar James Hansen ta hukumar NASA ta lissafa cewa duniya za ta yi sanyi da kusan rabin digiri na ɗan lokaci, kuma haka aka gani a 1992. A ƙarshen 2019 Zeke Hausfather da abokan aikinsa suka tattaro hasashe 17 da aka buga tsakanin 1970 da 2007, suka gwada su da zafin da aka auna daga baya. Goma sun dace. Da aka gyara lissafin da ainihin yawan hayaƙin da aka fitar, wanda masu hasashen ba su da hanyar sani tun farko, sai adadin ya zama 14.

Abin da ya ƙi warwaruwa da sauri shi ne ainihin gwargwadon zafin da ninkuwar kabon za ta kawo. Wani kwamiti da Charney ya jagoranta a 1979 ya ce tsakanin digiri 1.5 da 4.5. An shafe fiye da shekara arba'in kafin a matse wannan tazara: rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, na 2021 ya ce tsakanin 2.5 da 4, mafi kusa 3. Gajimare ne babban dalilin jinkirin, domin yana tare hasken rana da rana, yana kuma riƙe zafi kamar bargo, kuma ɗan sauyi a yawansa yakan karkatar da lissafin duka.

Yawan iskar kabon ya tashi daga kimanin ɗigo 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau. Nawa zai kai nan gaba, wannan ba tambayar kwamfuta ba ce, tambayar gwamnatoci da kasuwanni ce. Shi ya sa rahotannin ke zuwa da sharaɗi. A rahoton 2021, in an rage hayaƙi matuƙa, ƙarin zafin ƙarshen ƙarni zai tsaya wajen digiri 1.4 bisa na shekarun 1850 zuwa 1900. In aka bi matsakaiciyar hanya, wajen 2.7, in hayaƙin ya ci gaba da hauhawa ba birki, wajen 4.4. Duk wanda ya kawo adadi ɗaya ba tare da sharaɗinsa ba, ya yanke maganar biyu.

Farin Sahel: wa ya jawo?

Ba wani yanki da ya gwada haƙurin masu wannan bincike kamar Sahel, zirin da ya taso daga Senegal ya ratsa Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi har Sudan. Shekarun 1950 shekarun ruwa ne. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, aka shiga farin 1972 da 1973, sannan na 1983 da 1984 wanda ya fi tsanani wajen ƙarancin ruwa. Tsakanin shekarun 1950 da na 1980 ruwan yankin ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. Dattawa da yawa a ƙasar Hausa sun ga wannan da idonsu, wasu ma dalilinsa suka baro ƙauye.

Bayanin farko da ya karɓu ya fito ne daga Charney a 1975. Ya ce yawan kiwo da sare itatuwa sun tsiraita ƙasa, ƙasa tsirara kuwa tana mayar da hasken rana sama, sai iskar da ke bisanta ta yi sanyi ta sauko, ruwa ya ƙi samuwa, ciyayi su ƙara mutuwa. An gwada a manhaja, ruwa kuwa ya ragu. Sai dai a gwajin an ɗaga hasken da ƙasar ke mayarwa daga kashi 14 zuwa kashi 35 cikin 100, sauyin da ya zarce duk abin da ya faru a zahiri. Amma maganar ta riga ta fita, kuma ta dace da abin da mutane da yawa a ofisoshin agaji ke son ji. Shekara da shekaru laifin fari yana kan makiyayi da manomi da mai saran itace.

A 1986 masana uku na hukumar yanayi ta Birtaniya, Chris Folland da Tim Palmer da David Parker, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya da wani tsari na zafin teku: duk lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewaci ɗumama, damina ba ta hawowa arewa sosai. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta biyu suka yi gwajin da ya kusan rufe gardamar. Sun ba manhaja zafin saman tekunan duniya kamar yadda aka auna daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata komai game da kiwo ko sare daji ba. Da kanta ta fito da yalwar shekarun 1950 da farin shekarun 1970 da 1980. Halin ƙasa da ciyayi suna ƙara wa abin ƙarfi, amma umarnin daga teku yake zuwa.

To me ya sauya tekun? A nan labarin ya ƙara ɗaci. Bincike da dama, ciki har da na Leon Rotstayn da Ulrike Lohmann a 2002, sun nuna cewa hayaƙin farar wuta da masana'antun Turai da Arewacin Amurka suka riƙa fitarwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya tare hasken rana a kan arewacin Atlantika, ya sanyaya shi, ya ja layin ruwan sama zuwa kudu. Akwai kuma juyin da Atlantika ke yi da kansa na shekaru gommai, kuma masana na ci gaba da muhawara kan kason kowanne. Da ƙasashen suka tsaurara dokokin tsabtace iska, arewacin tekun ya sake ɗumama, ruwan Sahel kuma ya fara farfaɗowa daga shekarun 1990.

A ganin mai wannan rubutu, ba wata hidima da manhajojin suka yi wa mutanen yankin da ta kai wannan. Ba wai sare daji ya zama halal ba: zaizayar ƙasa da gajiyar gona suna nan, kuma aikin hannunmu ne. Amma farin da ya kashe dukiyar makiyayi ba shanunsa ne suka kira shi ba.

Inda suka rabu

Sanin abin da ya wuce bai ba da tabbacin abin da ke tafe ba. A 2005 tawagar Isaac Held a Amurka ta nuna cewa manhajarsu, wadda ta fi yawancin takwarorinta iya kwaikwayon farin da ya gabata, tana hango bushewa mai tsanani a Sahel kafin ƙarshen ƙarni. A daidai lokacin, wata manhajar Japan tana hango ruwa mai yawa a wuri guda. A zagayen gwaje-gwajen da suka biyo baya mafi rinjaye sun karkata ga cewa tsakiya da gabashin Sahel, inda Nijar da arewacin Najeriya da Chadi suke, za su ƙara samun ruwa, yammaci wajen Senegal kuma ya ragu, tare da alamar cewa nauyin damina zai karkata zuwa ƙarshenta. Rinjaye ne, bai kai ittifaƙi ba.

Babban dalilin wahalar shi ne hadarin kansa. Mafi yawan ruwan Sahel yana zuwa ne daga manyan hadura ƙalilan, waɗanda kan haɗu da yamma, sau da yawa a kusa da tsaunuka irin na Jos da Azbin da Darfur, su taso daga gabas su nufi yamma cikin dare da guguwa a gabansu. Duk wanda ya taɓa kwashe shanya a guje ya san ta inda hadari ke ɓullowa. Amma ginshiƙin iskar da ke tashi a cikin hadari faɗinsa 'yan kilomitoci ne, gidan manhaja kuwa kilomita 100. Abin da ya fi gida ƙanƙanta manhaja ba ta ganinsa, sai dai a rubuta mata ƙa'idar ƙiyasi: in danshi da zafi sun kai kaza, a zubar da ruwa kaza. Sakamakon shi ne a cikin kwamfuta ruwa yakan sauko da tsakar rana, yayyafi-yayyafi kusan kullum, alhali a zahiri yakan yi kwanaki bai zo ba sannan ya zo kamar da bakin ƙwarya. Jimillar shekara tana iya dacewa, amma gero ba jimilla yake sha ba. Ga kuma ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, wadda ke cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, ga ruwan sanyin da ke tasowa a Mashigin Gini lokacin damina, wanda manhajoji da yawa ke ɗumamawa fiye da kima.

Domin cike wannan giɓi aka yi babban aikin awo na AMMA, wanda ya kai ƙololuwarsa a 2006 da jiragen sama da balan-balan da na'urorin hangen hadari, Yamai na cikin manyan sansanoninsa. Daga cikin abin da aka koya akwai cewa hadari ya fi son haɗuwa a kan busasshiyar ƙasa da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙiya, akasin abin da manhajoji da yawa ke yi. Daga baya hukumar yanayi ta Birtaniya ta gina manhaja ta nahiyar Afirka mai gidaje na kilomita 4.5, ƙanana yadda hadari zai iya haɗuwa da kansa. Saboda tsadar lissafin, shekara goma-goma kawai aka kwaikwaya, na yanzu da na ƙarshen ƙarni. Sakamakon da Elizabeth Kendon da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna ruwa mai ƙarfi zai ƙaru fiye da yadda manhajoji masu manyan gidaje ke nunawa, haka ma tsawon kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina. Wannan ya dace da abin da aka riga aka fara gani: a 2017 Christopher Taylor da tawagarsa sun nuna daga hotunan tauraron ɗan'adam cewa mafiya ƙarfin haduran Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma sun danganta hakan da ɗumamar Sahara. Ƙa'idar da ke ƙarƙashi tsohuwa ce: duk ƙarin digiri ɗaya yakan sa iska ta iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100.

Akwai wata jarrabawa daga can baya da har yanzu manhajojin ba su ci ba. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai shekara kimanin 8,000. A wancan zamani Sahara tana da ciyayi da tafkuna, Tafkin Chadi kuma ya ninka girmansa na shekarun 1960 fiye da sau goma. In aka saita manhaja da yadda hasken rana ke sauka shekara 6,000 da suka wuce, takan tura damina arewa, amma yawancinsu ba sa kai ta inda burbushin tsirrai da gaɓar tsoffin tafkuna suka nuna ta kai. Ma'ana, daminar Afirka ta Yamma tana iya juyawa fiye da yadda kwamfuta ke zato.

Karanta hasashen damina

A Afirka ta Yamma, tun 1998 masanan hukumomin yanayi na ƙasashe ke haɗuwa kafin damina su fitar da hasashe na bai ɗaya. Cibiyoyi biyu da ke Yamai ne ke kan gaba: AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 sakamakon farin waccan lokaci, da ACMAD. Sukan haɗa amsoshin manhajojin manyan cibiyoyin duniya da lissafin dangantakar zafin teku da ruwan yankin. A Najeriya, baya ga hasashen NiMet, hukumar NIHSA kan fitar da nata na ambaliya.

Irin wannan hasashe da ƙiyasi yake magana. In aka ce, a misali, akwai yiwuwar kashi 45 cikin 100 ruwa ya zarce yadda aka saba, kashi 35 ya yi daidai, kashi 20 ya gaza, to ba a ce za a yi ruwa da yawa ba. An ce mizanin ya karkata can. In aka samu ƙarancin ruwa a irin wannan shekara ba lallai hasashen ya yi ƙarya ba, domin sau ɗaya cikin biyar haka zai faru. Ana auna ingancinsa ne bayan shekaru, ba da damina ɗaya ba. Jimillar ruwan babban yanki ta fi sauƙin hangowa a kan ranar saukar ruwan shuka a ƙaramar hukuma guda. Kuma hasashen ruwa ba hasashen amfanin gona ba ne: damina mai yawa da ta zo a dunƙule tana iya kwashe shinkafar fadama ta tsadar da hatsi kamar yadda fari ke yi.

Wani sabon amfani da ake yi da manhajojin shi ne gudanar da duniya biyu, ɗaya da hayaƙin da ɗan'adam ya fitar, ɗaya babu shi, a ga sau nawa wani bala'i ke aukuwa a kowacce. Da haka ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar mamakon ruwan 2022 a yankin Tafkin Chadi kimanin sau 80, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya. Game da zafin farkon Afrilun 2024, lokacin da ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, ta ce da ba don ɗumamar duniya ba da bai kai haka ba. Irin wannan lissafi ruwan da ya sauko kawai yake aunawa. Gini a kan hanyar ruwa, da magudanar da shara ta toshe, da madatsar da ba a gyara ba, ba sa cikinsa.

Ƙarancin awo da sabuwar fasaha

Kowace manhaja da awo ake gwada ta, kuma a nan Afirka ke da rauni. An daɗe ana ƙiyasta cewa yawan tashoshin awon yanayi a nahiyar bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta ba da shawara ba. Garuruwa irin su Kano da Yamai suna da tarihin ruwan sama tun farkon ƙarni na 20, kuma da irin waɗannan tsoffin rajistoci aka gano alaƙar Sahel da teku. Kusan dukkan manyan manhajojin an gina su ne a Turai da Amurka da Asiya da Ostireliya, aka kuma daidaita su da yanayin da masu ginin suka fi samun awonsa. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafa wa, yana horar da masu digiri na biyu da na uku a wannan fanni a jami'o'in yankin, ciki har da na Akure da Minna da Yamai.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo fagen da ƙarfi. A 2023 kamfanin Google DeepMind ya fito da GraphCast, wadda ke hasashen kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya, a Fabrairun 2025 kuma cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta fara aiki da irin tata a hukumance. Waɗannan ba ƙa'idojin fiziks suke warwarewa ba, suna koyo ne daga tarihin yanayin kimanin shekara arba'in. Arharsu na nufin hukumar da ba ta da babbar kwamfuta za ta iya gudanar da su. Sai dai abin da suka koya game da Sahel bai wuce abin da aka auna a Sahel ba, kuma duniya mai ninkin iskar kabon ba ta cikin tarihin da suka karanta. Saboda haka a zagayen gwaje-gwajen da cibiyoyin duniya ke shiryawa domin rahoton IPCC na bakwai, lissafin shekaru gommai yana nan a hannun manhajojin fiziks, yayin da wasu cibiyoyin Turai da Japan da Amurka ke ƙoƙarin rage gidajen duniya baki ɗaya zuwa 'yan kilomitoci, gwargwadon da hadarin Agusta zai iya haɗuwa a cikinsu.